Dariyar da Muka Yi wa Baturiya

A wannan wata za mu ɗan ajiye maganar alli da allo, mu kawo maku wani abu da ya faru a cikin gidanmu. Mun daɗe muna jin nauyin faɗinsa, domin akwai namu laifin a ciki, kuma ba abu ne mai daɗi ba malamin makaranta ya tsaya gaban jama'a ya ce ya yi sake. Amma da muka duba muka ga biki ba ya ƙarewa a zango, in ba aure ba suna, in ba suna ba Sallah, sai muka ga shirun ba shi da amfani.

Da dariya abin ya faro. A farkon shekarar 2025 wata ƙanwarmu da ke aikin jinya a Ingila ta zo ganin gida nan Kumasi. Wata rana bayan sallar isha'i muna zaune a tsakar gida ana ta tambayarta labarin ƙasar Turawa, sai ta ce akwai abin da har gobe yake ba ta mamaki. Wai matan can, har da wasu mazan, kuɗi suke biya a rina masu fata ta yi duhu. Mutum zai shiga wani ɗan akurki ya tuɓe, a bi shi da feshi tun daga goshi har idon sawu, kamar yadda masu fenti ke fesa mota a garejin Suame. Kafin gari ya waye ya koma wankan tarwaɗa, sai ka ce wanda ya yi wata guda yana shan rana a bakin teku. Wanda ba shi da kuɗin feshi kuma sai ya sayi na kwalba ya shafa da kansa a gida.

Ta ce akwai wata Baturiya abokiyar aikinta da ta je aka fesa mata saboda bikin ƙawarta. Kwana biyu da yin haka sai ga wuya da ƙirji da hannuwa sun feso da ƙuraje, fatar ido ta kumbura, ga ƙaiƙayi ba dare ba rana. Bikin da ba ta je ba ke nan, wurin aiki ma sai da ta yi mako guda ba ta leƙa ba.

Kai jama'a, ranar mun yi dariya har da riƙe ciki. Hajiya mahaifiyarmu ta tafa hannu ta ce, "Ikon Allah! Namu na neman fari, nasu na neman baƙi. To a yi musaya mana, kowa ya huta." Washegari muka ɗauki labarin muka kai ofishin malamai, muka ƙara masa gishiri, har muka ɓuge da wa'azi a kan ɗan Adam da rashin godiyarsa. Abokan aikinmu Tonawa su ma suka dara. Ba wanda ya tambayi abin da ke cikin ruwan feshin, balle dalilin da ya sa fatar matar ta ƙi shi.

Babbar Sallah ta wannan shekara ta faɗo a farkon watan Yuni, jarrabawar BECE kuwa saura 'yan kwanaki. Babbar 'yarmu, mai shekara 15, tana cikin masu zamanta. Ana jajibere ta zo ta durƙusa ta ce, "Baba, kuɗin lalle." Muka sa hannu a aljihu muka ba ta, ko ɗaga kai daga takardun da muke dubawa ba mu yi ba. Me za mu tambaya? Lalle ne. Da shi muka buɗi ido muka ga iyayenmu mata, da shi aka kai su ɗakin miji. Bayan haka ma, wata shida kafin nan, a bikin ƙanwar mahaifiyarta, an yi mata irin wannan zane, ja a tafin hannu da yatsu, baƙi a bayan hannu har zuwa gwiwar hannu, ya yi kwanakinsa ya goge lafiya lau.

Ranar Sallah hannu ya yi kyau, ba ƙarya. Mu da kanmu sai da muka yaba. Daren washegari ta fara susa, uwarta ta ce zafi ne. A rana ta uku zanen ya tashi: kowane fure, kowane ganye, kowane ɗigo ya kumbura ya yi tudu ya ɗuri ruwa, kamar an bi layin da bakin wuƙa mai zafi. Abin da ya kamata ya ankarar da mu tun a lokacin shi ne, tafin hannu da yatsun da aka yi wa ja ko ƙwarzane babu. Inda baƙin ya bi kaɗai ne ya ci wuta, tsakanin fure da fure ma fata lafiyarta ƙalau.

Kun dai san zango. Kafin azahar gida ya cika da likitoci. Wannan ta ce kambun baka ne, yarinya ta yi kyau ranar Idi an yi mata baki. Waccan ta ce naman Sallah ne ya motsa mata jini. Aka kawo man kaɗanya, aka kawo toka, wata ta ce a shafa man goge baki ya tsotse ruwan. Muna tsaye aka shafa, mu da muka yi shekara uku a kwalejin horon malamai, muka kuma kusa shekara 20 muna koya wa 'ya'yan mutane kimiyya. Yarinya ta ƙwalla ƙara. Hajiya kaɗai ce ta tsaya a kan magana ɗaya: "Ni dai shekara 60 ina ƙunshi, ban taɓa ganin lalle ya ci kowa ba. Wannan ba lalle ba ne." Muka ɗauka rigimar tsufa ce. Ashe duk gidan ita ce ta gano cutar.

Da muka kai yarinya asibiti, likita ko minti ɗaya bai yi yana duban hannun ba ya tambaya, ja ne ko baƙi? Muka ce baƙi. Ya ce ta taɓa yi a baya? Muka ce sau ɗaya, kuma bai yi mata komai ba. Ya gyaɗa kai ya ce ai na farkon ne ya ɗana tarkon, na biyun ya kama ta. Ya ce alaji ne, wato irin borin da jiki ke yi wa abin da ya riga ya tsana. Ya rubuta man shafawa mai kwantar da kumburi, da ƙwayar rage ƙaiƙayi, da maganin kashe ƙwayoyin cuta saboda wuri guda ya fara tara mugunya, albarkacin tokar nan da man goge baki. Da muka dawo gida muka ce wa Hajiya likita ya ce alaji ne, sai ta ce, "Wane Alhajin? Me yarinyar ta yi masa?" Dariyar da aka yi a gidan ke nan a duk wannan mako.

Da hannun dama naɗe da bandeji ta shiga ɗakin jarrabawa. Duk wanda ya taɓa tsaron jarrabawa ya san darajar minti biyar a wurin yaro. Biro ba ya riƙuwa da kyau, in ta lanƙwasa wuyan hannu ƙurajen su fashe, ga ƙaiƙayi ba damar susa. A takardu biyu ba ta kai tambayar ƙarshe ba. Ta ci, alhamdu lillahi, amma makarantar da ta daɗe tana mafarki ba ita aka tura ta ba. Ba ta taɓa ɗora mana laifi ba. Mu dai mun san hannun da ya miƙa kuɗin.

Bayan ƙura ta lafa sai muka koma ɗalibai. Muka matsa wa ƙanwarmu da tambayoyi ta waya, muka nemi abin da za mu karanta, kuma inda muka fara shi ne inda muka yi dariya, wato feshin Turawa.

Ashe abin da ke rina fatar tasu ba fenti ba ne. Wani ɗan sinadari ne dangin sukari, wanda ake taƙaita sunansa da DHA. Fatar ɗan Adam hawa-hawa ce, kuma hawan da ke can sama matacce ne, shi ne ke saɓewa a hankali yana zubewa ba mu sani ba. In DHA ya sauka a kan wannan mataccen hawa sai ya haɗu da sinadaran gina jiki da ke cikinsa, launin ƙasa-ƙasa ya fito. Kusan irin abin da ke faruwa ne in bayan burodi ya yi ja a tanda, ko tsire ya gasu a bakin wuta, abin da wani masani Bafaranshe mai suna Maillard ya bayyana tun 1912. Sai dai a nan ba a bukatar wuta. Launin kan fara fitowa bayan 'yan sa'o'i, ya yi kamar mako guda, ya tafi tare da saɓar. Gano amfaninsa ma dace aka yi. A shekarun 1950 wata mai bincike, Eva Wittgenstein, tana ba wasu yara marasa lafiya wannan sinadari ta baki a birnin Cincinnati na Amurka, sai ta lura duk inda ya zuba a fatarsu wurin yakan yi duhu. Zuwa 1960 'yan kasuwa sun riga sun ɗura shi a kwalba.

Mun kuma gane cewa ba wauta ce zalla take kai su ba. Tun wajen shekarun 1920 duhun fata ya zama ado a wurinsu, alamar mutum yana da halin zuwa hutu ƙasashe masu rana. To amma rana tana jawo wa farar fata ciwon daji, haka ma gadajen nan masu fitila da suke kwanciya a ciki don su yi duhu, waɗanda a 2009 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su a sahun farko na abubuwan da ke haddasa shi. Feshin nan mafita ce suka nema, ko da yake launin da yake bayarwa ba ya kare mutum daga rana.

To me ya ci Baturiyar? Shi DHA ɗin kansa ba kasafai yake tayar da alaji ba. Galibi abokan tafiyarsa ne ke ɓarna, wato turaren da ake zubawa don a danne warinsa, da magungunan da ake sawa don kada ruwan ya lalace a kwalba. Akwai ɗaya daga cikin waɗannan magunguna da ake kira MI, wanda ya addabi mutane har wata ƙungiyar likitocin fata ta Amurka ta ba shi kambun mai tayar da alaji na shekarar 2013, daga 2017 kuma Tarayyar Turai ta hana a sa shi cikin duk wani man da ake shafawa a bar shi a jiki. A 2005 dokarsu ta tilasta a rubuta sunayen wasu sinadaran turare guda 26 a jikin kwalba in akwai su, don mai alaji ya gani ya kauce. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka kuwa ta yarda da DHA a bayan fata ne kawai, ban da ido, ban da leɓe, ban da shaƙa. Shagon da ya san aikinsa yakan ɗiga wa mutum kaɗan a wani lungu na jiki, a jira kwana ɗaya ko biyu a gani kafin a fesa. Duk da wannan shinge bisa shinge, ga abokiyar aikin ƙanwarmu ta kwanta mako guda.

A nan ne jikinmu ya yi sanyi, domin da muka juyo kan lalle sai muka ga ashe ɗan'uwan wancan feshin ne a wurin aiki. Ganyen lalle yana da wani sinadari mai suna lawson, wanda shi ma mataccen hawan fata yake kamawa ya riƙe, da farce da gashi. Shi ya sa ya fi kamawa a tafin hannu da tafin ƙafa inda fatar ta fi kauri, shi ya sa kuma yake son lokaci, har iyayenmu suke kwana da hannu a zunguru. In an kwance yakan fito ruwan goro, ya yi ta nuna har kwana biyu, ya tsaya a ja mai duhu. Mai son ya ƙara duhu sai ta maimaita ƙunshin sau biyu ko uku. Amma babu ganyen lalle a duniya da ke ba da baƙi wuluk cikin rabin sa'a. Kuma kamar yadda Hajiya ta faɗa, da wuya ƙwarai a sami wanda lalle na gaskiya ya tayar wa alaji. Wuri guda ne za mu ja kunne: kada a shafe jariri da shi, domin akwai wata tawaya ta jini da ake gada, ana kiranta ƙarancin G6PD, tana da yawa a nan Afirka ta Yamma musamman a cikin 'ya'ya maza, kuma lalle na iya fasa jajayen ƙwayoyin jinin irin wannan jariri.

Shi kuwa baƙin, wanda mata ke kira dayis, rinin gashi ne. Abin da ke ba shi baƙin wani sinadari ne mai suna PPD, wanda ake rina gashi da fatun dabbobi da shi tun ƙarshen ƙarni na 19. Wani lokaci a gauraya shi da garin lalle, wani lokaci ko ƙwayar lalle babu, sai dai a kwaɓa shi da ruwan haidirojin a ɗura a leda a yi zane. A Tarayyar Turai ba a yarda ya wuce kashi 2 cikin 100 ba a rinin gashi bayan an haɗa, kuma an hana a zana shi a fata sam-sam. Amurka da Kanada ma sun hana. Amma wani bincike da aka buga a 2010 a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya sami PPD a duk samfurin baƙin lallen da aka gwada, wani har ya kusa kashi 30 cikin 100. Ƙungiyar likitocin nan da ta ba MI kambu a 2013, tun 2006 ta riga ta ba PPD nasa.

Ka duba bambancin, ya kai mai karatu. Baturiyar da muka yi wa dariya tana iya ɗaukar kwalbarta ta kai wa likita, ya karanta abin da ke ciki, ya manna mata 'yan faci a baya na kwana biyu, ya gano takamaimai wanda jikinta ya ƙi. Namu kuwa a ƙullin leda yake zuwa daga kasuwa, ba suna, ba adadi, ba ranar lalacewa. Mai sayarwa bai san abin da ke ciki ba, mai zanawa ba ta sani ba, uban da ya biya kuɗi ko tambaya bai yi ba.

Abin da ya fi ruɗa mutane, har da mu, shi ne maganar nan ta "ai ta taɓa yi bai yi mata komai ba." Nan ne fa ramin yake. Garkuwar jiki kamar maigadi take mai riƙon fuska. Ranar farko da baƙo ya shigo ba lalle ta far masa ba, sai ta tsaya ta ƙare masa kallo ta haddace kamanninsa. Wasu a karon farkon ma abin kan tashi, amma sai bayan mako guda ko biyu, lokacin da kowa ya manta da zancen zane, a shiga neman dalili a wani wuri. In kuwa jiki ya riga ya san shi, to kwana ɗaya zuwa uku ya isa. Wata za ta yi sau biyar lafiya, na shida ya kwantar da ita. Saboda haka dabarar ɗiga kaɗan a gwada ba ta da amfani a kan dayis, domin ɗigon gwajin kansa yana iya zama shi ne zai koya wa jiki ƙiyayyar.

Kuma wannan maigadi ba ya mantuwa. Likita ya gaya wa 'yarmu a gabanmu cewa ita da rinin gashi mai PPD har abada, ko ranar aurenta, ko ranar da furfura ta fito. Ya ce ta lura da wasu baƙaƙen tufafi masu zuba, da baƙar roba, kuma duk ranar da ta je cire haƙori ko aka zo rubuta mata magani ta faɗa, domin akwai wasu magungunan kashe zafi na shafawa da wasu dangin salfa da suka yi kama da PPD, jiki na iya ɗaukarsu a matsayin shi. Ya ce in ta taɓa ganin fuska ko leɓe ko harshe na kumbura, ko numfashi na sarƙewa, kada a tsaya jiƙa komai, a nufi asibiti ko da tsakar dare ne. Zanen kuma bai tafi da ƙurajen ba. Wata da watanni furannin nan suna kwance a bayan hannunta, wani wuri ya fi fatarta duhu, wani ya fi ta haske. Mun gode Allah bai yi tudu ba, domin irin fatarmu tana da saurin yin tabo mai tsiron nama wanda ba ya komawa. Nan ma sai da muka tsaya tsayin daka, don har an fara kawo shawarar a sayo man bilicin a goge tabon.

'Yan'uwanmu da ke Sudan, inda baƙin zanen nan ya daɗe da kafuwa, sun ga abin da ya fi ƙuraje. Likitoci a Khartum sun ba da rahoton yara 31 da aka kawo asibiti tsakanin 1984 da 1989 da gubar wannan haɗi, wasu sha suka yi, wasu ta fata ya shige su, 13 daga cikinsu suka rasu. PPD in ya shiga ciki yakan kumbura wuya da harshe ya toshe numfashi, ya kuma lalata ƙoda. Mu tuna da wannan duk lokacin da muka ga ƙullin baƙin gari a kan tabarma ranar ƙunshi, yara masu rarrafe suna kewaya shi.

Mun je wurin mai lallen. Da fushi muka fita, amma kafin mu isa ya huce, domin maƙwabciya ce, mijinta ya rasu, da wannan sana'a take biyan kuɗin makarantar marayu uku, biyu daga cikinsu ma sun bi ta ajinmu. Ta fito ta durƙusa tun kafin mu buɗe baki, ta riga ta ji labari. Ta ce, "Wallahi Malam, irin wanda nake yi wa kowa ne. Ranar nan yara sun fi ashirin, ita kaɗai ya yi wa haka." Ba mu musa mata ba, haka abin yake, ba kowa yake kamawa rana ɗaya ba. Muna magana muka lura da yatsunta: sun tsattsage, sun yi kaushi, gefen farce duk ya ɗaɗe. Muka tambaya, ta ce sabulun wanki ne, shekara biyu ke nan tana fama. Muka ce ta je a duba, mai yiwuwa abin da ya ci 'yarmu ne yake cinta a hankali. Ta yi shiru, can ta ce, "To Malam, in na bar baƙin wa zai zo wurina? Ja kwana yake so. Su kuwa so suke a yi yanzu, a wanke yanzu, a ɗauki hoto."

Wannan magana tata ta fi duk abin da muka karanta tsaya mana a rai, don ita ce gaskiyar lamarin. Ba mai lalle ce ta ƙirƙiro kasuwar ba. Amarya tana son zanen da zai fito raɗau a hoto, ja kuwa a bayan hannun baƙar mace ba ya fitowa kamar baƙi. Ƙawaye goma sha suna layi, mai zane ɗaya, ɗaurin aure gobe. Da can ƙunshi zama ne na kwanaki, tsofaffi na yi wa amarya faɗa da nasiha hannunta na cikin zunguru ba ta da ikon tashi. Mai son baƙin ɗigo a fuska kuma ga katambiri. Yanzu an matse wannan duka cikin sa'a guda, kuma abin da ke iya rina fata cikin sa'a guda shi ne dayis. Gwamnatin ƙasar nan ta hana mayukan bilicin masu sinadarin haidirokwinon tun 2016, amma duk mai zuwa Kejetia ya san doka daban, abin da ke kan tebur daban. Saboda haka ba ma sa ran wata hukuma za ta zo ta tsaya mana a kan tabarmar ƙunshi. Uban da ke miƙa kuɗi da uwar da ke raka yarinya su ne a wurin, kuma tambayar ba ta da tsawo: ja ne ko baƙi? Kwaɓin lalle na gaskiya kore-kore ne mai ƙanshin ɗanyen ganye. In ka ga kwaɓi baƙi kamar kwalta, an ce a wanke bayan rabin sa'a, to ka san ko wane ne.

Kada maza su ɗauka maganar mata ce. Ranar da muka dawo daga gidan mai lallen muka buɗe akwatin kayan askinmu, sai ga ɗan ƙunshin baƙin rinin nan da ake kira yomo a ƙasar nan, wanda muka fara taɓawa tun da furfura ta leƙo a gemu. Muka ɗauko tabarau muka karanta ƙananan rubutun da ke bayansa, karo na farko a shekara huɗu. Ga PPD a rubuce, ga kuma gargaɗi cewa wanda ya taɓa yin baƙin zane a fata ya yi hattara. A kwano ɗaya muke kwaɓa shi, a bayi ɗaya muke wankewa, da tawul ɗin da yaran gida ke ɗauka. Tun ranar gemunmu yake yadda Allah Ya nufe shi, yaran aji har sun sa mana suna a ɓoye, suna tsammanin ba mu ji ba.

A ƙarshen 2025 aka yi bikin wata 'yar ƙaninmu a gidanmu. Muka ce in dai a tsakar gidan nan za a yi ƙunshi, to ja za a yi. Hajiya ta ji daɗi, ta sa aka nemo mata ganye aka daka aka tankaɗe, ta shiga ƙarƙashin gado ta jawo wani zunguru da ya girme mu. Mai lallen nan muka kira, muka biya ta kuɗin kwana maimakon na sa'a, ta zo da safar hannu ta yi zanen salatif. 'Yarmu ce ta fara miƙa hannu, a kan tsohon tabon aka ɗora. 'Yan mata bakwai ne ƙawayen amarya. Huɗu suka zauna suna ƙunƙuni, wai an ɗaure masu hannu ba damar taɓa waya har asuba. Ukun suka zame ta ƙofar baya bayan la'asar, suka dawo kafin magariba hannuwa baƙi wuluk har gwiwa, suna ɓoyewa a cikin mayafi.

Ɗaya daga cikin ukun 'yar ajinmu ce. Ranar Litinin da ta kawo littafinta a duba, muka tambaye ta karo na nawa ke nan. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Na biyu, Malam."